Cire Mafitsara: Aikin Ba Ya Ƙarewa A Ɗakin Tiyata

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kauran Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, ya yi wanka da kamun kifi a gulbin Gagare ko na Bunsuru tun yana yaro, ba sai an yi masa dogon bayani a kan tsargiya ba. Ya ga sa'o'insa suna fitsarin jini, wataƙila shi ma ya yi, ya kuma ji manya suna cewa ai zafin rana ne, ko kuwa alamar balaga ce, za ta wuce da kanta. Ga waɗansu takan yi kamar ta wuce ɗin. Amma akwai waɗanda cutar kan kwanta musu a jiki shekara 20 ko 30, sai mutum ya zama magidanci, sa'an nan jinin ya dawo, a je asibiti likita ya ce sankara ce ta kama mafitsara, kuma ba abin da zai tsirar da rai sai a cire mafitsarar ɗungum.

A kan waɗannan bayin Allah nake so in jawo hankalin hukuma da ma'aikata da ɗalibai a yau. Maganar tawa kuwa guda ce. Likitocinmu suna iya wannan aikin tiyata, amma cire mafitsara rabin magani ne. Sauran rabin shi ne a koya wa majiyyaci da iyalinsa, da harshen da suke ji, yadda zai zauna da jikinsa bayan aikin, a kuma ajiye masa kayan da yake bukata da mai duba shi kusa da gida. Wannan rabin shi ya fi araha, shi ne kuma muka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Bari mu fara da asalin abin. Tun a 1851 wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ya gano tsutsar tsargiya a birnin Alƙahira. Mai cutar yakan yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga cikin wani ƙaramin dodon koɗi, daga nan 'ya'yan tsutsar su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, ko mai wanka, ko mai wanki, ko mai dashen shinkafa a fadama. Idan sun girma sukan zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara suna zuba ƙwai, ƙwan ya maƙale a jikinta yana yi mata miki shekara da shekaru. A 1911 aka fara bayyana dangantakar wannan miki da sankara a Masar, a 1994 kuma hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara.

A Turai da Amurka shan taba shi ne babban sanadin sankarar mafitsara, kuma galibi tsofaffi take kamawa. A nan wajenmu taba tana nata ɓarnar, amma tsargiya ce ke kan gaba. Wani bincike da likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato suka buga a 2007 ya nuna cewa mafi yawan sankarar mafitsarar da suka gwada irin wadda ke tafiya da tsargiya ce. Ita kuwa wannan takan kama mutum yana tsakiyar ƙarfinsa, ɗan shekara 40 ko 50, lokacin da gida duka yake kansa. Madatsun ruwa irin na Bakolori da aka gama a 1978, da na Goronyo da ya biyo baya, sun kawo albarkar noman rani, amma ruwan da ke kwance a magudanansu mazauni ne na dodon koɗin nan. Watau ke nan masu bukatar wannan tiyata ba za su ƙare mana ba nan kusa.

To, idan an cire mafitsara ina fitsari zai bi? Hanyoyi uku ne suka fi shahara. Ta farko, likita ya yanko ɗan guntun ƙaramin hanji, kamar santimita 15, ya haɗa masa bututun nan biyu da ke sauko da fitsari daga ƙoda, ya fito da bakinsa ta gefen ciki ƙasa da cibiya. Wannan kafa ita ake kira sitoma, kuma fitsari yakan riƙa zuba ta nan dare da rana cikin wata jakar roba da ake liƙawa a fata. Likita Eugene Bricker na Amurka ne ya yaɗa wannan dabara a 1950. Ta biyu, a mai da fitsarin cikin babban hanji ya riƙa fita ta dubura, mutum ba ya bukatar jaka. Ta uku, a ɗinka wata sabuwar mafitsara da hanji a haɗa ta da hanyar fitsari ta asali. Kowace hanya da nata sharuɗɗa da nata wahala, kuma kowace tana bukatar majiyyaci ya koyi abubuwan da bai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

Kada wani ya ɗauka ƙaramin al'amari ne. A Amurka, inda ake da kayan aiki da motocin asibiti da waya a kowane gida, kusan mutum 1 cikin 4 na waɗanda aka yi wa wannan aiki yakan koma gadon asibiti kafin wata guda ya cika da sallamarsa, yawanci saboda ƙwayoyin cuta sun kama ƙoda, ko ruwan jikinsa ya ƙare, ko hanji ya ƙi tafiya. In haka abin yake a can, ina ga namu?

Mu ɗauki misali da manomi daga Galadi ta ƙasar Shinkafi. A ce ya sayar da shanun hudarsa, ya jinginar da gona, 'yan'uwa sun yi karo-karo, an kai shi wani babban asibiti mai nisa, aiki ya yi kyau, bayan mako biyu ko uku an sallame shi da takarda rubuce da Turanci da jaka biyar ko shida. Ya iso gida cikin zafin bazara. Gumi ya sa jakar da ya kamata ta kwana uku ko huɗu ta saki a kwana ɗaya. Kafin mako biyu sun ƙare, ba kuwa a samunsu a shagon magani na ƙauye. Sai a koma ga leda da filasta da tsumma, fitsari ya riƙa cin fata har ta zama gyambo. Ya ga wani abu mai yauƙi kamar majina a fitsarinsa ya firgita, alhali wannan ɗabi'ar hanji ce, ba cuta ba. Ya rage shan ruwa don kada jaka ta cika da wuri, alhali wannan shi ne babban kuskuren da ke kashe ƙoda. Ya daina zuwa masallaci don gudun wari da shakkar tsarki, ya daina zama a dandali.

Ranar da zazzaɓi ya kama shi, komawa wurin likitan da ya yi masa aiki ba abin wasa ba ne. Daga Gusau kawai zuwa Sakkwato ya fi kilomita 200, ban da tafiyar da za a yi kafin a kai Kauran Namoda a wuce Gusau, kuma kowa ya san halin da hanyoyin wannan yanki suka shiga saboda 'yan fashin daji a shekarun nan. Don haka sai a jira, a jiƙa saƙe-saƙi, har abin ya fi ƙarfin kowa. Dukiyar da aka kashe da ƙwarewar da likita ya nuna duk su tashi a aikin baban giwa.

Ɓarnar kuma ba a kansa kaɗai take tsayawa ba. Mutanen gari suna kallo. Gobe idan maƙwabcinsa ya ga jini a fitsari aka ce ya je asibiti, sai ya ce ai ya ga yadda aka yi da wane, gara ya mutu da mutuncinsa. Likitocin mafitsara a ƙasar nan sun daɗe suna kukan cewa majiyyata ba sa zuwa sai cutar ta wuce inda wuƙa za ta yi amfani. Jahilci da talauci suna cikin dalilan, amma tsoro ma yana ciki, shi kuwa tsoro abin da ido ya gani ne ke haifar da shi. Mutum ɗaya da ya dawo daga tiyata ya koma gonarsa da sahun sallarsa ya fi shelar rediyo ta shekara guda jawo mutane asibiti.

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Abubuwan da ake bukatar majiyyaci ya sani ba su fi a ƙirga su ba, kuma ba sai mai ilmin boko ne zai iya riƙe su ba. Ya sha ruwa mai tsabta da yawa, lita 2 ko fiye a yini, musamman da bazara. Ya zubar da fitsarin jaka tun ba ta kai rabi ba don kada nauyi ya ɓamɓare ta. Ya wanke fatar gefen sitoma da ruwa zalla, ya bari ta bushe sarai kafin ya liƙa sabuwa, kada ya shafa mai ko man kaɗanya a wurin, ya kuma adana jakunkunan a wuri mai sanyi. Ya san cewa sitoma mai lafiya ja ce mai damshi kamar cikin baki, kuma ba ta jin zafi. In ta yi baƙi ko ta yi duhu, a tafi asibiti a ranar. Haka nan zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ko amai, ko ɗaukewar fitsari, ba a kwana da su a gida. Kada ya ɗauki kaya mai nauyi ko ya kama galma sai bayan mako 6 zuwa 8, don gudun ƙaba a gefen sitoma.

Wanda aka mayar wa fitsari ta dubura shi ma da nasa karatun. Hanji yakan tsotse gishirin da ke cikin fitsari ya mai da shi cikin jini, abin da kan kawo kasala da nishi, don haka kada ya riƙe shi da daɗewa, ya sha maganin da aka rubuta masa ba fashi, kada kuma wani ya ce masa kanwa za ta maye gurbin maganin. Wanda aka ɗinka wa sabuwar mafitsara ba zai ji marurar fitsari kamar da ba, sai dai ya bi agogo, kowace sa'a 3 ko 4, har da tsakar dare. Dukkansu kuma suna bukatar gwajin jini da na ƙoda lokaci lokaci har iyakar rayuwarsu.

Wannan karatu ba ranar sallama ake yinsa ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin a shiga ɗakin tiyata ya kamata a zauna da majiyyaci, a nuna masa jakar ya riƙe da hannunsa, a auna inda za a fito da sitoma yana tsaye, yana zaune, yana ruku'u, a kauce wa inda zariyar wando ko ɗaurin zane ke zama. A kuma gaya masa gaskiyar da kunya kan hana a faɗa. Ga namiji akan haɗa da ƙullin da ke wuyan mafitsara, wanda likitoci ke kira furosteti, a cire, abin da kan taɓa ƙarfinsa na aure ya kuma tsai da haihuwa. Ga mace sau da yawa akan haɗa da mahaifa. Wannan magana ce da ya kamata miji da mata su ji tare daga bakin likita, a keɓe, tun da sauran lokacin shawara. Kada kuma a sallami kowa sai shi da mai jinyarsa sun canza jaka da hannunsu a gaban ma'aikacin jinya, ba sau ɗaya ba.

Akwai kuma tambayar da ta fi kowace damun majiyyacinmu, wadda ba kasafai yake yi wa likita ba: yaya alwalata, yaya sallata, yaya azumina? Malaman fiƙihu ba su bar wannan babi a rufe ba. Risala, wadda ake karantawa a makarantun zaure, ta yi maganar mai yoyon fitsari da sauƙin da aka yi masa, Muhtasar kuma ya tattauna har hukuncin wanda najasa ke fita masa ta wata kafa a ƙasan ciki. Fatawa ta malamai ce, ba tawa ba. Abin da nake roƙo shi ne likitoci su zauna da malaman Gusau da Kauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, su nuna musu yadda jakar take, a fito da bayani guda da Hausa wanda za a ba kowane majiyyaci, har da batun azumi, tun da ƙishirwar yini guda cikin zafi tana iya yi wa ƙodar irin wannan mutum illa. Limamin da ya fahimci abin shi ne zai fara kama hannun mutumin ya mai da shi sahu.

To, me ya kamata hukuma ta yi? Na farko, Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara ta zaɓi ma'aikatan jinya biyu biyu, mace da namiji, daga manyan asibitocin Kauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, ta tura su su koyi kula da sitoma a sashen mafitsara na asibitin koyarwa na Sakkwato, ko na Shika, ko na Malam Aminu Kano. Wannan fanni ba da wani babban gini ya fara ba. A 1958 wata mata mai suna Norma Gill, wadda ita kanta aka yi wa sitoma, ta fara koya wa majiyyata a wani asibiti a birnin Cleveland na Amurka tare da likitanta Rupert Turnbull, daga nan aikin ya bazu a duniya.

Na biyu, a sanya jakar fitsari cikin kayan da kantin maganin gwamnati ke saye da yawa, a ajiye a waɗannan asibitoci uku, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha kuma ta ɗauke wa talaka kuɗinta. Asusun tallafa wa masu sankara da Gwamnatin Tarayya ta buɗe a 2021 ya fara ne da sankarar nono da ta bakin mahaifa da ta furosteti. Wakilanmu a Majalisar Tarayya suna da hujja mai ƙarfi ta neman a ba sankarar mafitsara gurbinta a irin wannan tallafi, tun da cuta ce ta manoma da masunta na wannan yanki.

Na uku, duk asibitin da ya yi aikin ya rubuto takarda zuwa ga asibitin da ya fi kusa da majiyyaci, ya ba shi kati mai hotuna da bayani da Hausar boko da ajami, a kuma ɗaukar masa bayanin da murya a wayarsa saboda wanda ba ya karatu. A buga masa waya a makon farko da na biyu. Amma kada a dogara ga waya kaɗai, domin ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a duk faɗin jihar saboda tsaro. Malamin ɗakin shan magani na Galadi da ire-irensa su ne na kusa, su ya kamata a koya wa alamun hatsari.

Na huɗu, a haɗa waɗanda suka warke da waɗanda ke jiran aiki. Mun ga amfanin haka a wajen matan da suka kamu da yoyon fitsari wajen haihuwa. Tun cikin shekarun 1980 asibitin Babbar Ruga na Katsina ya nuna cewa matar da aka yi wa gyara ta koma ƙauyensu a bushe ita ce ke rako 'yan'uwanta. Abin da ɗan'uwanka manomi zai gaya maka ya kuma ɗaga rigarsa ya nuna maka ya fi shiga zuciya bisa ga abin da mai farar riga zai faɗa.

Na san wani zai ce, a jihar da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da mutuwar mata wajen haihuwa suka yi katutu, ina dalilin ɓata lokaci a kan mutane 'yan ƙalilan? Tambaya ce mai ma'ana. Amsata ita ce abin da ake nema bai kai kuɗin gina ɗaki ɗaya na asibiti ba, ma'aikacin jinyar da aka horar kuma zai amfani duk wanda aka fito wa da hanji ta ciki, har da waɗanda zazzaɓin taifot ya huda wa hanji da waɗanda harsashi ya samu. Bugu da ƙari, kowane ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan ɗin nan ginshiƙin gida ne, in ya faɗi yara ne za su bar makaranta.

Har ila yau, rigakafi ya fi magani. Ƙwayar furazikwantel tana kashe tsutsar tsargiya, ana kuma raba ta kyauta ga 'yan makaranta a ƙarƙashin shirin yaƙi da cututtukan da aka yi watsi da su. Masar, wadda ta daɗe tana shan wahalar wannan cuta har ta buɗe cibiyar mafitsara da ƙoda ta Mansura a 1983, ta dage da rabon magani shekara da shekaru, sai ga shi irin sankarar da tsargiya ke kawowa ta ragu ƙwarai a asibitocinta. Mu ma sai rabon ya kai ga almajirai da 'ya'yan makiyaya da na 'yan gudun hijira, waɗanda ba sa cikin rajistar firamare amma su suka fi kowa shiga ruwa. Sai dai maganin da yaro zai sha bana ba zai warkar da uban da tsutsar ta riga ta yi wa ɓarna shekara 30 da suka wuce ba. Tilas a riƙe biyun tare.

Daga ƙarshe ina kira ga ma'aikatan da takardun kasafin kuɗi ke bi ta teburinsu da su tuna da wannan ɗan layi na jakar fitsari da horar da ma'aikata idan an zo rabo. Ɗalibai kuma, musamman na makarantar koyon jinya ta Gusau, da ta kimiyyar lafiya ta Tsafe, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Kauran Namoda, ku ne masu karanta wa iyaye takardun asibiti idan kun je hutu. Ku gaya musu fitsarin jini ba balaga ba ce, babba kuma in ya gan shi ko sau ɗaya ya nufi asibiti. In akwai wanda aka yi wa wannan aiki a unguwarku, ku ziyarce shi, ku tambaye shi ko jakarsa ta kusa ƙarewa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa shugabanni su ji su kuma aikata, amin.